Jirgin Nitso da Muka Kai Kogin Shari

Tun da muka dawo daga Fallomi bakina bai huta ba. A ƙofar masallaci tambaya, a kasuwa tambaya, kuma rabin masu tambayar ba labarin suke so ba, wurin dariya suke nema. An ce an ɗaure mu kwana bakwai a kan iyaka. An ce kada ya haɗiye jirgin. An ce ma Bukar ya yi kuka a gaban mata. Duk ƙarya ne, in ban da na ƙarshen, wanda shi ma an ƙara masa gishiri. Shi ya sa na zauna na rubuta abin daga farko har ƙarshe. Mai son dariya ya yi, amma ya yi ta a kan abin da ya faru, ba a kan abin da aka ƙaga a rumfar teloli ba.

Ga wanda bai san ni ba, sunana Sule. Gyaran keken ɗinki nake yi a unguwar Dala, nan ƙasar Borno, shekara ashirin ke nan, a shagon da mahaifinmu ya bar mana ni da yayana Habu. Shi yana sayar da yadi da zare a gaba, ni ina da benci a baya. Abokin tafiyata Bukar, Babarbare ne, mai gyaran rediyo, kuma shi ya jawo mana duk wannan.

Wani Bature injiniya ne a GRA zai koma ƙasarsu, aka yi gwanjon kayansa. Bukar ya je neman tsofaffin rediyo, sai ga shi ya dawo da akwatin katako a kan keke. Da ya buɗe a gabana, na ga wani abu na kwano da tagulla, tsawonsa kamu biyu, siffarsa kamar tarwaɗa. Ya ce wannan ƙaramin jirgi ne irin mai tafiya a ƙarƙashin ruwa, kuma daga bakin gaɓa ake tuƙa shi da rediyo, da wani akwati mai eriya da maɓallai. Baturen bai gama haɗa shi ba.

"Ya Sule," in ji shi, "rediyon aikina ne. Amma dubi nan."

Na duba. A cikin jirgin akwai ƙananan maganaɗisu masu fizga idan saƙon rediyo ya iso. A waje akwai wutsiya mai juya shi hagu da dama, da fikafikai biyu, waɗanda in sun sunkuya jirgin ya nitse, in sun ɗaga ya taso. Tsakanin maganaɗisun da waɗannan babu komai. Ana bukatar sanduna siraran da za su ɗauki motsin daga ciki su kai shi waje. Kuma ga inda gizo yake saƙar: dole sandar ta ratsa jikin jirgin ta fita, ta riƙa kai da komo a sake, amma kada ruwa ya biyo ta.

Wata bakwai na yi a kai, bayan la'asar, in na sallami masu kekuna. Na yi sanduna da wayar ƙafar keke, na lanƙwasa, na haɗa su gaɓa-gaɓa kamar yadda cikin keken ɗinki yake. A kan benci suna motsi gwanin kyau. Amma duk ranar da muka tsoma jirgin a durom, sai ruwa ya shiga ta ƙofar sandar. Na gwada roba, na gwada kakin zuma, na gwada fata. Abin da ake bukata bututun tagulla ne wanda sandar za ta cika shi cif, a ɗura masa giris, ni kuwa ba ni da injin fiƙe ƙarfe mai irin wannan laushin hannu. Sai wani direba ya gaya wa Bukar cewa a Fallomi, babban birnin Chadi, akwai wani tsoho mai gareji da ya yi aiki a tashar jiragen ruwan sojan Faransa, ya taɓa irin waɗannan jiragen na gaske da hannunsa, kuma yana da injin. Ga kuma kogi a bakin ƙofarsa.

Ranar da na gaya wa Yaya Habu zan tafi, ya ajiye almakashi ya dube ni.

"Sule, kai fa ba yaro ba ne. 'Ya'yanka uku. Teloli sun fara magana."

"Wa na riƙe wa keke ya wuce ranar alkawari?"

"Ba a ce ka riƙe ba. An ce hankalinka ya tafi wasa. In ka tafi, kada ka dawo mini da abin nan cikin shagon nan."

Na ce masa Allah ya kai mu ranar, na ɗauki jakata.

Da kaka muka tashi, ruwa ya ɗauke amma ƙasa ba ta gama bushewa ba. Muka hau babbar mota mai ɗauke da buhunan goro, muka zauna a sama, akwatin jirgin a tsakaninmu kamar jariri. Har Dikwa lafiya lau. Bayan Dikwa ne muka shiga firki, baƙar ƙasar nan da ake dasa dawar masakwa. Samanta ya bushe ya tsattsage, ƙarƙashi kuwa kunu. Motar ta kafe har gindi. Direba ya ce kowa ya sauko ya tura, aka sauke buhuna, aka shimfiɗa kirare. Ni na ƙi ajiye akwatin a ƙasa, na ɗora shi a ka, ina turawa da hannu ɗaya. Wata tsohuwa 'yar Shuwa mai tallan nono ta tsaya tana kallona, ta tambayi Bukar da Larabci ko gawar yaro nake kaiwa gida. Bukar ya ce mata a'a, jirgi ne. Ta dubi firkin nan da ba ya da iyaka, ba ko kududdufi, ta dube ni, ta zuba mini nono a ƙoƙo ta ƙi karɓar komai. Bukar ya ce wai tausayina ta ji. Na shanye nonon, don yunwa ba ta san girman kai ba.

A Gamboru muka kwana a gidan wani ɗan'uwan Bukar, aka kawo mana burabusko da miyar busasshen kifi. Da safe aka buga mana hatimi a ɓangarenmu ba wata matsala, muka haye gada muka shiga Fotokol, ƙasar Kamaru. Hayewarmu ke da wuya sai na ga direba ya karkata ya koma hannun dama. Na daki kan motar ina ihu, a zatona barci ya ɗauke shi. Duk motar aka kwashe da dariya. Ashe su a ƙasashen da Faransa ta mulka haka suke tuƙi, a baibai, mu kuwa hannun hagu muke bi. Har muka dawo zuciyata ba ta saba ba, duk motar da ta tunkaro sai na yi salati.

A nan ne aka tsare mu, kuma ba kwana bakwai ba ne, daga hantsi ne zuwa la'asar. Wani jandarma dogo mai gajeren wando ya sa aka buɗe akwatin. Jirgin bai dame shi ba. Da ya ga akwatin rediyo mai eriya, sai fuskarsa ta canza. Lokacin ana ƙishin-ƙishin tashin hankali can cikin Chadi, duk wanda aka gani da na'urar aika saƙo abin tuhuma ne. Ya sa mu a wani ɗaki mai benci ɗaya, ya kulle kayanmu a wani. Motarmu ta jira, ta gaji, ta tafi.

Bukar ya tsorata ƙwarai, domin shi ya san hukuncin irin wannan. Ya ce mini a hankali, "Ya Sule, mu bar masa rediyon mu koma gida."

Na ce, "Mu koma mu ce wa mutanen Dala me? Ka gaya masa ya kawo kayan, in nuna masa da wa muke magana."

"Ba a yi wa jandarma irin wannan maganar."

"To ka sassauta ta, amma ka faɗa."

Ban san yadda ya sassauta ta ba, amma bayan azahar jandarman ya shigo da kayan ya dire a kan tebur. Na buɗe bayan jirgin, Bukar ya haɗa batir, na ce wa mutumin ya danna maɓalli da kansa. Ya danna. Wutsiyar ta yi ƙat ta juya. Ya janye hannu kamar ya taɓa kunama. Ya sake dannawa, ya koma bakin ƙofa ya danna, ya fita waje ya danna yana leƙowa ta taga. Daga nan ya kira abokan aikinsa biyu, suka yi ta karɓa-karɓa har na ji tsoron batir zai ƙare, na ce ya isa haka. Ya rubuta wata takarda da Faransanci ya manna a jikin akwatin, ya tsayar mana da wata mota da kansa. Bai ba mu haƙuri ba, ni ma ban yi masa godiya ba.

Kashegari muka isa Kusuri, garin Kamaru na ƙarshe a bakin kogin Shari, muka shiga jirgin fito tare da motoci da jakuna. Ni da ban san ruwan da ya fi tafkin Alo da kogin Ngadda na garinmu ba, na tsaya a tsakiyar kogin nan ina duban faɗinsa, ruwan ja-ja-ja yana gudu kamar ana korarsa. A nan ne na fara tunanin ko durom ɗin bayan shago bai ruɗe ni ba. Ban gaya wa Bukar ba.

A Fallomi muka sauka gidan wata Hajiya Fanne, mutuniyar Borno ce da ta tashi zuwa Makka a ƙasa tun tana yarinya, ta je ta dawo, ta tsaya a nan tana saukar da baƙi. Ta ba mu ɗaki da tabarmi biyu. Abincinsu kisar ne, wata irin waina fale-fale mai tsami, da miyar kuɓewa, ga kifi kamar ba saye ake yi ba. Burodinsu dogo ne kamar sandar makiyayi, a hammata ake ɗauko shi tsirara, kuma in ya kwana sai ka jiƙa shi a shayi ko ka bar haƙori a ciki. Abin da ya fi ba ni haushi shi ne barcin rana. Da rana ta take, sai garin ya mutu. Kanti a rufe, ofis a rufe, gareji a rufe, sai la'asar. Mu da muka zo da gaggawa, muka isa ƙofar tsohon nan daidai lokacin da yake sa kwaɗo. Ya nuna mana rana da yatsa, ya hau kekensa ya tafi.

Baba Ngaro sunansa. Mutumin kudancin ƙasar ne, Kirista, gajere, kansa fari fat, yatsu biyu na hannun hagu babu. Ba ya jin Hausa, ni ba na jin Faransanci, sai Bukar ya tsaya a tsakani da Larabcin Shuwa. Ni kuwa ya sa mini suna Angile, haka suke kiran duk wanda ya fito daga ƙasar da Ingilishi suka mulka.

Da la'asar ya buɗe jirgin a kan bencinsa. Ya daɗe yana kallo. Sannan ya kama fiffike ɗaya da yatsa biyu ya girgiza. Fiffiken ya motsa, sandar ciki ba ta motsa ba. Ya yi wata magana gajera.

Na juya wajen Bukar.

"Me ya ce?"

"Ya ce... aikin yana da kyau a ido."

"Bukar, me ya ce?"

"Ya ce wanda ya yi wannan tela ne. Gaɓa biyar ka sa a inda biyu za su isa, kowace gaɓa tana lako-lako kaɗan, in ka tara su sai ya zama ruwa ne zai tuƙa fiffiken, ba kai ba. Ya ce ruwa ba yadi ba ne."

Raina ya ɓaci. Shekara ashirin ba wanda ya taɓa duban aikina ya ce haka. Na ce a gaya masa bututu na zo nema, ba karatu ba. Tsohon ya ɗaga kafaɗa, ya ce ba zai ɓata tagullarsa a kan abin da zai nitse ya zauna ba. Na rufe akwatina na fita.

Da muka koma masauki Hajiya Fanne ta ga fuskata, ta ji labari daga Bukar. Ta ce, "Ɗana, ka ƙetare ƙasa biyu don ka zo ka ji abin da ka riga ka sani? Da ka zauna a gida, matarka ma ta iya yabonka." Na shige ɗaki na kwanta. Amma da gari ya waye, bayan na idar da salla, na fito da jirgin tsakar gida na kama fiffiken na girgiza da kaina. Na bi gaɓoɓin ɗaya bayan ɗaya. Gaskiyar tsohon ce. A keken ɗinki motsi zagaye yake yi, gudu yana cinye lako-lakon. A nan kuwa turi ne da ja, ko ƙanƙanin sake ya bayyana.

Na riga shi isa garejin. Da ya buɗe, na shiga, na ɗauki filaya na cire aikin wata bakwai na zube a kan benci. Ya dube ni, ya jawo mini kujera.

Kwana huɗu muka yi. Ya fiƙe bututu biyu a injinsa, yana gwada sandar tagulla a ciki, yana cirewa, yana ƙara shafa, har ta kai in ka toshe bakin bututun da yatsa ka ja sandar sai ta yi fat kamar an buɗe kwalba. Ya yi wani ɗan rami a tsakiyar kowane bututu inda giris zai zauna ya tare ruwa. Ni na lanƙwasa bakin sandunan, na huda ƙananan hannuwan da za su riƙe su, rami daidai kaurin sanda, ba ƙari. Gaɓa biyu kacal, kuma sanda a miƙe take tun daga maganaɗisu har waje. Ya nuna mini cewa ramin da ya fi nisa da gindin hannu shi ke ba da motsi kaɗan mai ƙarfi, na kusa kuwa motsi mai yawa marar ƙarfi. Wannan na riga na sani, amma na bar shi ya faɗa. Ni na liƙe bututun a jikin jirgin da dalma. Ku riƙe wannan, ni na liƙe.

A rana ta huɗu muka sake saɓawa. Na fito da wani siririn sifirin na keken ɗinki, irin mai ɗaga zare, na ce zan maƙala shi a sandar fikafikai. Dalilina shi ne, maganaɗisu ɗaya ne ke sunkuyar da su, wani kuma ke ɗaga su, kowanne da maɓallinsa. To in jirgin ya yi zurfi saƙon rediyo ya yanke alhali suna sunkuye fa? Wa zai ɗaga su? Sifirin ɗin zai riƙa jan su sama koyaushe, sai in an danna da gangan za su sunkuya.

Baba Ngaro ya ce a'a. Maganaɗisun ba shi da ƙarfi, in ya yi kokawa da sifirin da giris da ruwa gaba ɗaya, jirgin ba zai nitse ba ko kaɗan. Kuma a takardar Baturen ba a zana shi ba.

Na ce, "Bukar, gaya masa na ba shi gaɓoɓina uku ban yi musu ba. Wannan ba zan ba shi ba. Baturen da ya zana takardar bai taɓa sa jirgin a ruwa ba. In ya ƙi nitsewa, kunyata ce, ba tasa ba."

Tsohon ya yi tsaki, ya fita ya bar mini garejin. Na yi ta rage sifirin ɗin, zagaye ɗaya, zagaye ɗaya, har na sami inda maganaɗisun yake rinjayarsa da kyar.

Da hantsi muka kai shi kogi, wani lungu ƙasa da inda mata ke wanki, inda ruwan ya ɗan lafa. Kafin mu gama ɗaure murfi mutane sun taru. Na shiga ruwa har gwiwa na sake shi. Farfelar da Baturen ya riga ya haɗa masa a baya ta kama, ya tafi. Bukar ya danna, ya juya dama. Ya danna, ya juya hagu, ya zagayo ya wuce ta gabanmu. Matan suka bar wanki.

"Nitsar da shi," na ce.

Bukar ya gyara riƙon akwatin. Ya danna. Hancin jirgin ya sunkuya, ruwa ya hau bayansa, ya rufe shi, sai kan eriya kaɗai ke yanka ruwa. Ya saki, sai ga shi ya ɓullo yana sheƙi. Wata mata ta rangaɗa guɗa. Muka sake, ya sake yi. Baba Ngaro yana tsaye hannu a baya.

A karo na uku ne daɗi ya kwashi Bukar. Ya bar shi ya yi nisa, ya danna ya riƙe. Eriyar ta shige. Daidai nan jirgin ya fita daga lungun ya faɗa cikin igiyar kogin. Bukar ya saki, ya danna na ɗagawa. Shiru. Ya ɗaga akwatin sama, ya shiga ruwa da rigarsa yana dannawa. Ba komai sai jan ruwa yana wucewa.

Na ce masa, "Ka kashe mu! Wa ya ce ka riƙe?"

Ya ce, "Kai ka ce in nitsar! Sandarka ce ta cije!"

Mun yi shekara goma sha biyar tare ba mu taɓa ɗaga wa juna murya ba, sai ga mu a cikin ruwa, a ƙasar mutane, muna faɗa mata suna kallo. Nan ne hawaye ya zubo masa, kuma duk wanda ya yi masa dariya a kan haka bai taɓa yin wani abu da hannunsa ba.

Ban san tsawon lokacin da muka ɗauka a tsaye ba. Mutane har sun fara watsewa. Sai muka ji kira daga can ƙasa, nesa, inda ba na ma iya gane fuskar mutum. Wani masunci ne a cikin kwalekwale, ya miƙe yana ɗaga wani abu sama da hannu biyu. Da ya iso ya ce yana jan taru sai ya ga hancin ƙarfe ya ɓullo a gefensa, har ya ɗaga filafili zai doka. Ba a taru ya kama shi ba. Da kansa ya taso.

Amma ya yi nauyi. Da muka buɗe, ruwa ya kai rabin ciki, rediyon Bukar ya jiƙe ya mutu murus. Na bi da yatsa ina neman inda ya shiga. Bututun tsohon a bushe suke, giris ɗinsu bai ko motsa ba. Dalmata ce ta tsage a gindin ɗaya, tsaga kamar gashi. A durom ba ta nuna ba, zurfi ne ya matsa ta.

Na ce, "Bukar, ba hannunka ba ne. Liƙina ne ya kashe maka rediyo. Ka yafe mini abin da na faɗa."

Ya share fuska da hula, ya ce, "Ya Sule, amma ka ga ya taso?"

Baba Ngaro ya zauna a kan yashi ya ɗora jirgin a cinya. Ya danna fiffiken ƙasa da yatsa, ya saki, ya koma sama. Ya danna, ya saki. Ya fi sau goma yana yi. Sannan ya fara magana a hankali, Bukar yana juya mini. Ya ce a tashar da ya yi aiki, can ƙetaren teku, shi mai shafa giris ne, ba a taɓa barin irinsa ya shiga tafiya ba. Wata safiya wani jirgi ya fita gwaji da mutanen da ya saba ba su wuta su kunna taba. Shi ya shafa wa sandunansa giris da hannunsa. Suka jira a bakin tasha kwana uku, jirgin bai dawo ba. Har yau bai san abin da ya cije ba, kuma ba wanda ya taɓa zuwa ya tambaye su, su masu giris. Ya ce shi ya sa in ya ga sanda tana lako-lako ba ya iya yin magana mai daɗi.

Bai ce sifirin ɗina ya yi daidai ba. Abin da ya ce kawai, "Angile, kana da wani?" Ina da guda a aljihu, na ba shi. Ya naɗe shi a ƙyalle ya sa a aljihun ƙirji.

Dawowa ba ta da labari. Firki ya bushe, kwana biyu muka iso. Na shiga shago da akwatin, na tarar teloli uku sun kwashe kekunansu sun kai wa wani. Yaya Habu ya bari na gaishe shi, ya tambayi hanya, ya sa aka kawo mini ruwa. Sannan ya ce, "Yana aiki?"

"Ya yi. Yanzu rediyon ya mutu, sai mun sake wani."

"Wato ba ka gama ba."

"Ban gama ba, Yaya."

"To ka zaɓa. Ko benci a nan, ko abin nan."

Ban yi masa rashin kunya ba, yayana ne, kuma ba mugunta ce ta sa shi ba, tsoron bakin mutane ne. Jirgin na fara ɗauka na ƙetare titi da shi, sannan na dawo na kwashi kayan aiki.

Yanzu ina gindin dalbejiyar da ke fuskantar shagon, na kafa rumfar zana. Mai keken da ke tsallake ɗinki ko tsinka zare ya kawo, zai karɓa ranar da na ce masa. Jirgin yana kan benci a buɗe, na kankare tsohuwar dalmar na sake liƙi, Bukar kuma yana naɗa wayoyinsa. Wanda ya zo kallo ba zan hana shi ba, har fiffiken zan bari ya taɓa. Amma ya wanke hannu tukuna.